Gemun Ƙanƙara

Ni dai ban taɓa son gemu ba. Nawa ba ya fitowa da kyau, nan tsiro can fili, ga ƙaiƙayi kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero a wuya. Tun ina Kano reza ce ke fara gaishe ni da safe kafin kowa. Da na zo Amurka ma ban sauya ba. Na sami aiki a wani sito a Laurel, ina tuƙa motar ɗaga kaya daga safe zuwa la'asar, haɓata fes kamar ta ɗan makaranta.

A siton nan na kamu da wasan hoki na ƙanƙara. Wani Bature abokin aikina ne ya jawo mini, ƙato mai jan wuya, wanda in ya yi dariya sai ka ga giɓin haƙoransa biyu da ya ce wasan ne ya ci su tun yana saurayi. A ɗakin da muke cin abinci akwai talabijin, kullum yana gabanta yana zage-zage. Da fari dariya na yi masa. Garada sun ɗaura wuƙaƙe a ƙasan takalmi, sun ɗauki sanduna suna bin wani ɗan baƙin abu kamar wainar da ta ƙone. Amma da na zauna na kalla sosai, sai na ga abin da ya burge ni. A nan ba mai faɗuwar ƙarya yana birgima. A fasa wa mutum baki, ya tofar da jini, ya koma fili. Kuma a gaban talabijin ɗin nan ba wanda ya taɓa tambayata me na karanta.

Wannan tambayar ita ce ciwona. Muna da wani ɗaki da muke salla a Lanham, a bayan shagon wani ɗan Accra. Mutanenmu na Arewa da ke zuwa, wannan likita, wancan injiniya, wancan yana koyarwa a jami'ar College Park. Ni a aji uku na sakandare na ajiye biro. Ba wanda ya taɓa zagina, ba zan yi musu ƙarya ba. Gaisuwa ce dai irin wadda ake ba ka hannu ido na kan wani. Wurina sahun baya ne, kusa da takalma.

To su masu hoki suna da wata al'ada. In an gama wasannin kaka, wajen watan Afrilu, sai a shiga na neman kofi, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta riga cin wasa huɗu, wadda ta faɗi ta tafi gida. Daga ranar da aka fara, 'yan wasa ba sa aski. Magoya baya ma haka. Gemu na nan har ranar da aka fitar da ku, ko kuka ɗauki kofi. Baturen ya ce in na aske, ni na karya ƙungiyar birninmu, masu jar riga. Na ce shirme ne. Amma na ajiye rezar.

Juma'a ta uku da ajiye ta, ina neman takalmina bayan salla, sai na ji an kama mini haɓa.

Baba ne. Tsoho ne ɗan Kumasi da ya riga mu duka zuwa ƙasar nan. Ba limami ba ne, ko malam bai yarda a ce masa ba. Aikinsa ɗaya: duk namijin da ya rasu a cikinmu, daga Lanham har Laurel, Baba ke masa wanka. Shi ya sa har likitocin suke rusuna masa.

Ya ce, “Bakano, me nake gani haka?”

Na ce, “Gemu ne, Baba.”

“Alhamdu lillahi! Na daɗe ina kallon fuskar nan kamar ƙwan da aka ɓare. Allah ya tabbatar da kai. Daga yau kusa da ni za ka riƙa tsayawa.”

Kalma biyu ta isa in gyara zancen. Amma wani likita daga cikinsu na tsaye yana ji, kuma a karon farko ya dube ni a ido ya ce, “Ma sha Allah, Malam.” Sai na ce amin.

Ba a yi nisa ba aka fitar da mu. Na shiga banɗaki da haushi na kwashe gemun tas. Ran Juma'a Baba ya dube ni ya girgiza kai, ba faɗa, ba komai. Ya ce, “Shaiɗan ba ya hutu, ɗana. Kada ka karaya. Na ga waɗanda suka fi ka zamewa kuma suka dawo.” Bai kore ni daga sahun farko ba.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Ƙungiyarmu ta iya wasa duk tsawon sanyi, ta doke kowa, sai an zo neman kofi ta zube, yawanci a zagaye na biyu, yawanci kuma a hannun mutane ɗaya, wasu masu baƙa da rawaya da har yau ba na son ganin kalar rigarsu. Afrilu gemu ya fito, Mayu reza ta cinye shi. Baba kuwa yana lissafe da ni. Wata shekara ya ce, “Kai Bakano, imaninka da furanni yake tohowa. Itatuwan birni su yi fure, kai ka yi gemu. Su kaɗe, ka kaɗe.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya ce yana sa ni a addu'a, Allah ya kawo shekarar da zai zauna.

Matata ce kaɗai ta san gaskiya, kuma ba ta raga mini ba. In na shigo sai ta ce, “Sannu da zuwa, Ustaz. An haye zagayen farko ke nan? Na ga Sunna ta kai maƙogwaro.”

Na ce, “Ke dai ba ni abinci.”

“Zan ba ka. Amma matan Kumasi sun tare ni suna mini barka, wai mijina ya shiryu. Na rasa inda zan sa fuskata. Maigida, ka faɗa wa tsohon nan.”

“Na ce masa na shiryu ne? Shi ya gani ya fassara.”

“To ai shi ke nan. Ranar da ya gane, kada ka neme ni.”

Sai ga shekarar da abin ya ƙi ƙarewa. Muka haye zagayen farko. Muka haɗu da masu baƙa da rawaya, na riga na sayi sabuwar reza na ajiye, sai muka doke su. Baturen ya rungume ni a tsakiyar sito har ƙafata ta bar ƙasa. Gemu ya wuce inda ya saba tsayawa, ya cike filayen nan, furfura ta fito a ciki. Ni kaina da na duba madubi sai na ga wani dattijo mai kamala da ban sani ba. Ana cikin haka azumi ya kama.

A shekarar Baba ya fara rauni. Ƙafafunsa sun kumbura, a zaune yake salla. Wata Asabar bayan la'asar ya ce in tsaya, kowa ya watse ya bar mu. Ya miƙo mini hannuwansa, suna rawa.

Ya ce, “Ka gani? Waɗannan ba za su ƙara juya gawa ba. Na duba jama'ar nan kaf. Likita na da sani, ba shi da lokaci. Samarin kuma tsoro suke ji. Kai kana da ƙarfin hannu. Kuma na ga mutum yana faɗuwa yana tashi, yana faɗuwa yana tashi, bai taɓa cewa ya gaji ba, ga shi bana Allah ya tsayar da shi. Irinka nake nema. Zan koya maka aikin. Ranar da tawa ta zo kuma, kai za ka wanke ni. Ba ni da ɗa namiji a ƙasar nan.”

Na yi kuka, kuma kukan ba na ƙarya ba ne. Tun da aka haife ni ba a taɓa zaɓena a kan komai ba. Ko a ƙwallon unguwa ni ne wanda ake cewa to kai je ka raga. Yau ga mutumin da likitoci ke rusuna wa ya tsallake su ya ɗora hannunsa a kaina. Na san a kan me ya ɗora shi. Na ce a raina bayan Salla zan faɗa masa, in na riga na iya aikin, lokacin ba zai iya karɓewa ba.

Nan take ya fara. Ya sa na naɗe wata doguwar darduma na shimfiɗe a gabansa, ita ce gawar. Ya nuna mini yadda ake rufe al'aura, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle. Yana cikin bayani waya ta motsa a aljihuna. A yammacin nan muna da wasa a zagaye na uku, kuma Baturen ya saba turo mini saƙon duk ƙwallon da ta shiga. Ta motsa sau ɗaya. Ta sake. Baba na cewa daga nan sai ka yi kaza, ka juya shi ta kaza, ni kuwa ina gyaɗa kai ina tunanin mu aka zura wa ko mu muka zura. Na ji ana maganar magarya da kafur, na ji ana maganar dama da hagu, amma kamar daga wani ɗaki. Da aka kira magariba ya ce, “Yau ɗanɗano ne. Bayan Salla za mu zauna sosai, kuma duk wanda Allah ya ɗauka a gaba, kana gefena.”

Muka ci kofin a goman ƙarshe na azumi. Ina sahun farko a sallar asham lokacin, waya na ta rawa a cinyata kamar za ta fasa aljihu, na idar ban san surar da liman ya karanta ba.

Bayan 'yan kwanaki aka sa ranar zagaya birni da kofin, da hantsi, ranar aiki. Na ɗauki hutu. Ina da jar rigar ƙungiyar da nake ɓoyewa a bayan mota, ban taɓa shiga Lanham da ita a jikina ba. Ranar na saka ta. Muka haɗu da Baturen a tasha muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa birni. Taragon ya cika maƙil, ja ko'ina, ana waƙa ana buga ƙofa, warin giya tun da safe, ni kuwa da azumi a bakina. Ga gemu iri-iri, ja, fari, mai kitso, wani har ƙirji. Ina tsakiyarsu ina waƙar da ban san rabin kalmominta ba.

“Bakano?”

Baba ne, yana zaune a kujerar tsofaffi kusa da ƙofa, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. 'Yarsa na gefensa riƙe da jakar magunguna, za ta kai shi asibiti a birni. A nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ita tana ganin rigata da gemuna na ga ta gane komai, ta sunkuyar da kai.

Baba ya ce, “Kai ne? Ina zuwa haka da jar riga kamar an aiko ka kashe gobara?” Ya waiga dama da hagu yana murmushi. “Ikon Allah. Yau Turawan garin nan duk sun kama Sunna ne?”

Na durƙusa a cikin matsin nan na gaishe shi. Baturen ya tambaye ni wane ne, na ce babana ne. Ai kuwa sai ya cire hula, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya damƙi gemuna ya girgiza, ya ce wa Baba ya yi alfahari da ɗansa, wannan gemun shi ya ciyo mana kofi. Ya ce shekara da shekaru tare muke tara shi in an fara neman kofi, tare muke askewa ranar da aka kore mu, ban taɓa saɓawa ba ko sau ɗaya. Ya ce gobe ma a sito za a yi bikin aski, shi zai fara yi mini da hannunsa.

Na so a ce Baba ba ya jin Turanci. Amma ɗan Ghana ne, Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya saurara har ƙarshe. Tambaya ɗaya ya yi wa Baturen, a wane wata ake farawa.

Baturen ya ce Afrilu.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce da Hausa, ba da ni ba, ba da kowa ba, “Lokacin furanni.”

Jirgi na tafiya, ana ta waƙa a kanmu. Can ya dube ni ya ce, “To kun ci?”

“Mun ci, Baba.”

“Madalla.”

Ya juya ga taga, alhali a ƙarƙashin ƙasa muke, ba abin gani sai bango. Da suka zo sauka na miƙa hannu zan tashe shi, sai ya dafa kafaɗar 'yarsa. Ya ce, “Je ka, ɗana, kada a fara ba ka nan.”

Na je. Na tsaya cikin rana da ƙishirwa, na ga kofin ya wuce a saman wata mota, wani ƙaton abu mai ƙyalli kamar tukunyar biki. Shekarun da na yi ina jiran ganinsa, ya zo ya wuce ina tunanin yadda tsohon nan ya ce madalla.

Ban jira bikin askin sito ba, a yammacin nan na kwashe shi da kaina. Matata ta tsaya a ƙofar banɗaki tana kallona, na ce a raina da ma ta yi gorin ta huta. Sallar Idi a College Park na yi ta, cikin mutanen da ba su san ni ba. Juma'a ta zo na sake komawa can. Ta gaba ma haka.

Baba ya kira wayata, na ga lambarsa na bar ta tana ƙara. Ya sake kira bayan mako biyu. Daga baya ya aiko ta bakin matata: a ce wa Bakano dardumar na nan a naɗe. Na ce mata na ji. A lokacin haushin kowa nake ji. Haushin Baturen da bakinsa ba ya rufuwa, haushin matata da ta yi gaskiya, har haushin Baba. Wa ya aike shi karatu a haɓata? Mutum nawa ne a sahun nan da gemu har ciki da ba za ka ba su ajiyar akuya ba? Haka nake faɗa wa kaina a kan motar ɗaga kaya, in yi ta faɗa har a tashi aiki. Amma ko sau ɗaya ban iya juya kan motata zuwa bayan shagon ɗan Accra ba. Abin da na kasa shi ne in shiga ɗakin nan da haɓa fes ya ɗago ya dube ni.

Ya rasu cikin sanyin shekarar. Ina wurin aiki da safe 'yarsa ta kira. Ta yi ƙoƙari ta faɗa da Hausa, ta ce, “Kawu, Baba ya tafi. Ya ce kai.”

Na ce, “Ni? Bai sauya ba?”

Ta ce bai sauya ba, ko a makon nan ya maimaita mata.

A ɗakin wankan na tarar da likita da ɗan Accra mai shago. An kwantar da Baba a kan tebur an lulluɓe shi, ya ƙanƙance kamar ba shi ba. Ga ruwa, ga magarya, ga kafur, ga likkafani a ninke. Suka ja da baya suka ba ni wuri. Mai shago ya ce, “Bismilla, Malam. An ce kai ya zaɓa.”

Na ɗauki ƙyalle na naɗe hannuna. Wannan na tuna. Daga nan sai kaina ya zama fanko. Alwala ake fara yi masa ko tsarki? Ta ina ake juya shi? Kafur ɗin a wane ruwa? Na lalubi Asabar ɗin nan a ƙwaƙwalwata, abin da na samo kawai shi ne an zura mana tun ba a je ko'ina ba, kuma mun sha kashi a ranar. Wannan na riƙe shi daram. Na tsaya da hannu a naɗe a kan mutumin da ya zaɓe ni.

Likita ya dube ni. Sai ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga. Ya ce a hankali, “Malam, riƙe mini butar.”

Ya yi aikin tsaf, bai yi gaggawa ba, bai tsallake komai ba. Yana yi yana gaya mini inda zan zuba, ni kuma ina zubawa. Da muka zo juya shi, ni na ɗaga, don a nan dai ƙarfin hannuna ya yi amfani. Da muka gama muka fito wanke hannu, na ce masa ashe ya iya.

Ya ce, “Ban iya ba da. Da ka daina zuwa ne Baba ya ce in riƙa zuwa ran Asabar, muka yi ta yi da darduma. Ya ce in koya don in tsaya a bayanka, ko da za ka manta wani abu.”

Na bar famfo na zuba a hannuna har ya miƙo ya rufe.

Na koma salla a Lanham, a wurina na da, kusa da takalma. Ba wanda ya mayar da ni can, ni na kai kaina. Yanzu likita ke wankan, duk da rashin lokacinsa, kuma duk sanda aka yi rasuwa yakan kira ni in riƙe buta. Na gani sau da yawa har na haddace, da ido rufe zan iya faɗa maka abin da ke bin wani. Kowane karo kafin ya cire agogo sai ya ce, “Malam, yau kai za ka yi?” Ni kuma in ce masa a bari sai na gaba.

Wasan kuwa ban daina kallo ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. In Afrilu ta zo Baturen yakan shafa haɓarsa ya nuna tawa, in ce masa ƙaiƙayi yake sa ni. Ya ce ni na karya ƙungiyar, tun daga shekarar nan ba ta ƙara ɗaukar komai ba. Na ce masa ya ɗora mini, na ɗauka.